Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarihin Ruwan Shanmu a Ƙasar Kankiya da Kusada

Da kwamitin wannan mujalla tamu ya nemi in rubuta wani abu a kan tarihi, na san da yawa za su zaci labarin sarakuna zan ɗauko, ko na yaƙe-yaƙen Katsinawa da Gobirawa. To, ni ruwa na zaɓa, domin babu garin da aka taɓa kafawa a ƙasar nan sai da aka fara tabbatar da inda za a sha. Ko tarihin Bayajida da muka karanta a aji ɗaya, in an duba, a bakin rijiyar Kusugu ta Daura ya ƙullu, inda aka ce maciji ya hana mutane ɗiba sai ranar Juma'a.

Abin da nake son nunawa abu ɗaya ne. Halin da ya sa ruwa yake rayar da mu, wato iya narkar da abubuwa da ɗaukarsu daga wuri zuwa wuri, shi ne kuma halin da ke sa ya ɗauko mana cuta. Saboda haka tarihin ruwan shanmu, daga kakanni zuwa yau, tarihi ne na koyon gane abin da ruwa ya ɗauko kafin a kai shi baki.

ƘASARMU DA RUWANTA

Kankiya da Kusada suna kan tudun tsakiyar Jihar Katsina, fiye da mita 500 sama da bakin teku. Ƙasa ce da ruwa ke barinta, ba wadda yake taruwa a cikinta ba. Wanda ya gangara yamma da arewa yana bin koguna irin su Karaduwa da Gada har ya faɗa Rima, daga nan sai Kwara. Wanda ya gangara gabas, ta wajen ƙasar Kano, yana nufar Haɗeja ne da Tafkin Chadi. Ba mu da kogin da ke gudu shekara zagaye. Rafukanmu sukan cika su batse da damina, da an shiga kaka sai su koma rairayi.

Ruwan sama yakan sauka ne cikin wata huɗu ko biyar, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, kuma jimillarsa a shekara ba ta cika kai mita ɗaya ba. Amma abin da rana da iska ke iya ɗauke wa buɗaɗɗen tafki a shekara ya kai kusan mita biyu. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa kududdufin bayan gari ke ƙafewa kafin bazara.

Ƙarƙashin ƙafafunmu kuwa tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ke leƙowa a matsayin fa da duwatsu nan da can. Irin wannan dutse ba ya shan ruwa kamar yadda yashi ke sha. Ruwan da ke ƙasa yana maƙale ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama, da kuma cikin tsagogin da ke jikin dutsen. Shi ya sa za ka ga an haƙa rijiya an sami ruwa, maƙwabci ya haƙa tasa a kusa ya tarar da fa. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A ƙasarmu dai, ko wanda ya tona sai ya dace da tsaga.

Idan damina ta gaza, babu abin komawa. Ruwa ya ƙi a 1913, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba a 1914. Aka sake ganin 'Yar Buhu a 1927. Mu kanmu, manyan cikinmu sun ga farin 1972 zuwa 1974, sa'an nan na 1983 da 1984, lokacin da igiyar guga ta riƙa ƙara tsawo kowane mako.

YADDA MAGABATA SUKA SAN RUWA

Kakanninmu ba su da ɗakin gwaje-gwaje, amma sun san ruwa sani na ƙwarai. Sun bambanta ruwan daɗi da ruwan zartsi. Sun san rijiyar da sabulu ke kumfa da ruwanta da wadda ba ya yi, da wadda wake ke daɗewa bai nuna ba in an dafa da ita. Sun san in ruwan tafki ya gurɓace a bar shi ya kwana a randa laka ta kwanta, ko a jefa masa ɗan alif, wanda wasu ke kira alam. A wasu ƙasashe, kamar Sudan, mata sun daɗe suna amfani da dakakken irin zogale don wannan aiki.

Haka kuma duk wanda ya yi karatun Ishmawi ko Iziyya ko Risala a zaure, ya san tun a babin tsarki ake karantar da hukuncin ruwa. Ana duba siffofi uku: launinsa, ɗanɗanonsa, da ƙamshinsa. In najasa ce ta jirkita ɗaya daga cikinsu, ruwan ya ɓaci. In abu mai tsarki ne ya jirkita shi, kamar nono, ya yi amfani wajen al'ada banda ibada. In kuwa abin da ke mazauninsa ne, kamar laka ko gansakuka, yana nan da tsarkinsa. Wannan hukunci na tsarki ne, malamai ba su ce awon lafiya ba ne. Duk da haka ya koya wa al'umma ɗabi'a mai kyau, ta duba ruwa da ido da harshe da hanci kafin a yi aiki da shi, da kuma yarda cewa in ya canja to wani abu ne ya shige shi. Karin maganar nan da ke cewa ruwa ba ya tsami banza, wannan fahimtar ce ta haife ta.

Abin da ya rage shi ne sanin ruwan kansa, da sanin abubuwan da ke shigarsa ba tare da sun taɓa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba. Wannan kuwa sai mun leƙa wasu ƙasashe.

YADDA AKA GANO KO MENE NE RUWA

Fiye da shekara dubu biyu masana suna ɗaukar ruwa a matsayin asali wanda ba ya rabuwa. Wani Bagirke mai suna Thales, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce daga ruwa kome ya fito. Waɗanda suka biyo bayansa, har da Aristotle, suka ce asalin abubuwa huɗu ne: ruwa, wuta, iska da ƙasa. Malaman Musulunci na Bagadaza da Farisa sun gaji wannan ra'ayi, suka kuma ƙara da aiki na hannu. Ar-Razi ya ƙware wajen tace abubuwa ta hanyar tururi, Al-Karaji kuma, wajen shekara ta 1000, ya rubuta littafi sukutum a kan gano ruwan ƙarƙashin ƙasa da bambanta mai kyau da marar kyau.

Sai a 1766 wani Bature ɗan Ingila, Henry Cavendish, ya zuba ruwan asid a kan ƙarfe ya tara wata iska marar nauyi mai kamawa da wuta. A 1774 Joseph Priestley ya sami wata iskar daban wadda kyandir ke ci bal-bal a cikinta. A 1781 Cavendish ya haɗa iskar tasa da iskar da muke shaƙa ya ƙyasta musu wuta, sai ga raɓa a jikin kwalbar. Da ya bincika raɓar, sai ya tarar ruwa ne tsantsa.

Wanda ya fassara abin shi ne Antoine Lavoisier na Faransa. A 1783 ya nuna cewa ruwa haɗi ne na iska biyu, ya raɗa wa ta farko suna haidirojin, wato mai haifar da ruwa, ta biyu kuwa ita ce oksijin. Bai tsaya nan ba, ya bi da tururi ta cikin bututun bindiga da aka gasa ya yi ja, ƙarfen ya kama oksijin, haidirojin ta fito ita kaɗai. A 1800 Nicholson da Carlisle suka raba ruwa da lantarki. A 1805 Gay-Lussac da Humboldt suka auna suka ga mudu biyu na haidirojin ne ke haɗuwa da mudu ɗaya na oksijin. Daga nan aka kai ga alamar da kowa ya haddace, H2O.

Waɗanda muka yi aji uku tare za su tuna ranar da malaminmu na kimiyya ya tsoma wayoyin batir biyu a ruwa, ya kife kwalba a kan kowace, muka ga iskar da ta taru a ɗaya ta ninka ta ɗayar. Abin da muka gani a cikin darasi guda, shi ne ya ɗauki duniya ƙarnuka kafin ta gane. Abin mamakin kuma shi ne, haidirojin tana ci da wuta, oksijin tana rura wuta, amma haɗinsu shi ke kashe gobara.

HALAYEN RUWA DA RAYUWA TA DOGARA DA SU

Ƙwayar ruwa guda ɗaya ta ƙunshi ƙwayar zarra ɗaya ta oksijin da biyu na haidirojin. Ƙanƙantarta ta wuce misali, domin a cikin ɗigo ɗaya akwai adadin da sai an rubuta 1 an jera mata sifili 21. Ba a miƙe take ba, a lanƙwashe take kamar gwafa, da buɗin digiri 104.5. Oksijin ta fi ƙarfin jan lantarki, saboda haka gefenta yana da caji iri ɗaya, gefen haidirojin yana da kishiyarsa. Wato kowace ƙwaya kamar ɗan mayen ƙarfe ce mai kai biyu, tana kama maƙwabciyarta. Wannan riƙo, wanda Latimer da Rodebush suka yi bayaninsa a 1920, shi ne tushen duk halayen ruwa.

Na farko, shi ya sa ruwa yake ruwa. Akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda gininta ya yi kama da na ruwa, har ta fi shi nauyi, amma tana tafasa tun a digiri 60 ƙasa da sifili. Ba don riƙon nan ba, da ruwa ma iska ne, da babu rijiya babu jini. Ruwa sai ya kai digiri 100 a bakin teku yake tafasa, a tudunmu kuwa wajen 98.

Na biyu, ruwa yana shanye zafi mai yawa. Zafin da ake bukata a mai da lita ɗaya tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata a ɗaga ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Da haka zufa ke sanyaya manomi a tsakiyar Afrilu. Da haka kuma randar ƙasa ke aiki: tana naso, nason yana bushewa, yana tafiya da zafin ruwan da ke ciki. Maginan tukwane sun san wannan tun kafin a ƙera firiji.

Na uku, saboda ƙwayoyin suna riƙe da juna kamar sarƙa, ruwa yana iya hawa. In ganye ya saki tururi, sai sarƙar ta jawo wani daga saiwa, har ƙololuwar kuka ko gawo, ba tare da famfo ba. A cikin ganyen kuma hasken rana yana fasa ruwa, shuka ta riƙe haidirojin ta gina abinci, ta saki oksijin. A 1941 Ruben da Kamen suka tabbatar cewa oksijin da tsirrai ke fitarwa daga ruwa take. Ashe gero da dawa da numfashinmu duk daga nan suke.

Na huɗu, wanda shi ne kan maganarmu, ruwa yana narkarwa. Kawunan nan biyu masu caji suna kewaye gishiri ko kanwa ko sukari su ɓamɓare shi ƙwaya-ƙwaya. Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne, wato mai nauyin kilo 60 yana ɗauke da lita 36 ko kusa da haka. A cikin wannan ruwa ne abinci ke tafiya zuwa gaɓoɓi, a cikinsa ne ƙoda ke fitar da datti. Taki ma ba ya shiga shuka sai ya narke. Amma ruwa ba ya zaɓe. Yadda yake ɗaukar abinci haka yake ɗaukar guba, yadda yake rayar da mutum haka yake rayar da ƙwayar cuta.

ABIN DA IDO BA YA GANI

Manyanmu ba za su manta da kurkunu ba. Mutum ya sha ruwan tafki mai ɗauke da wasu 'yan ƙwari ƙanana, a cikinsu akwai 'ya'yan tsutsa. Sai bayan kusan shekara guda tsutsar, mai tsawon da kan kai mita ɗaya, ta ɓullo a ƙafa. A Arewa da damina take fitowa, daidai lokacin noma, ta kwantar da magidanci wata biyu ko uku. Saboda tazarar nan ta shekara, da wuya a danganta ciwon da ruwan bara. Da aka yi ƙidaya ta ƙasa baki ɗaya a 1988 zuwa 1989, an sami masu ciwon fiye da 650,000 a Nijeriya, kuma Jihar Katsina tana cikin jihohin da abin ya shafa. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, tare da Janar Yakubu Gowon da dubban ma'aikatan sa kai na ƙauyuka, suka yaƙe shi ba tare da allura ko ƙwaya ba. Makamansu su ne ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwo shiga tafki, da maganin kashe ƙwarin, da sabuwar rijiya. An ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba Nijeriya shaidar rabuwa da shi a 2013.

Amai da gudawa kuwa ba a rabu da ita ba. Tun a 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi gidajen mamata ya gano yawancinsu famfon titi guda suke sha, ya sa aka cire hannun famfon. Ruwan kuwa garau yake, mutane har yabon daɗinsa suke yi. Bayan shekara 30 Robert Koch na Jamus ya ware ƙwayar cutar. Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970. A 1991 ta kama mutum kusan 60,000, ta kashe fiye da 7,000. A 2010 Katsina tana cikin jihohin da suka fi jin jiki, a 2021 kuma aka ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 3,500 suka rasu.

Abin da ke kashe mai kwalara ƙarewar ruwa da gishirin jiki ne. Maganinsa ma daga ilmin narkewa ya fito. A shekarun 1960 masana suka tabbatar cewa hanji yana tsotse gishiri da ruwa da sauri in akwai sukari tare da su. A 1971 wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya gwada wannan a sansanin 'yan gudun hijirar Bangladash, mace-mace suka ragu ƙwarai. A nan gida, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya yayata ruwan gishiri da sukari har ya shiga kowane ƙauye. Na leda da ake samu a asibiti ya fi, amma in babu, awon da ake koyarwa shi ne ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kafin a kai marar lafiya asibiti.

DAGA GUGA ZUWA FAMFO

A zamanin Turawa, daga wajen ƙarshen shekarun 1920, ma'aikatar binciken ƙasa ta soma haƙa rijiyoyi masu siminti a lardunan Arewa tare da En'e-En'e. Amfaninsu biyu ne: ba sa rubzawa, kuma dakalin bakinsu yana hana ƙazantar sama komawa ciki. Kano ta sami gidan ruwa na Challawa a farkon shekarun 1930. A irin waɗannan gidajen ruwa, alif ɗin nan na kakanni shi ake zubawa laka ta dunƙule ta kwanta, a tace da yashi, sa'an nan a sa sinadarin kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, dabarar da a Amurka aka fara amfani da ita a birnin Jersey a 1908. A 1965 kuma wasu masana biyu na ma'aikatar, du Preez da Barber, suka wallafa bincike a kan yanayin ruwan ƙarƙashin ƙasa na Arewacin Nijeriya da sinadaran da ke cikinsa.

Farin shekarun 1970 ya sa gwamnati ta juya ga madatsun ruwa. Aka gina Ajiwa don birnin Katsina. Aka kammala Zobe a kan kogin Karaduwa, kusa da Dutsin-ma, a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, mai ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 170 da wani abu. Ruwan ya daɗe yana kwance, domin sai a Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe kashin farko na aikin tace shi da tura shi, shekara 38 bayan gama madatsar. Mu ma muna da ƙananan madatsu, kamar ta Kusada, masu taimakon noman rani da kamun kifi da shayar da dabbobi. Sai dai duk inda ruwa ya tsaya, katantanwar da ke yaɗa tsargiya tana samun gida, shi ya sa ake gargaɗin yara kan wanka da fitsari a ciki.

Ga ƙauyuka kuwa, abin da ya canja rayuwa shi ne rijiyar burtsatse. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 zuwa 1990 don ruwan sha da tsabta. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar DFRRI a 1986, aka bazu da famfunan tuƙa-tuƙa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, da kuma Ƙaramar Hukumar Kusada a 1996, gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji da masu hali suka ci gaba da haƙawa. Yanzu masu aiki da hasken rana sun yawaita, ga 'yan garuwa da jarkoki, ga ruwan leda a kowace tasha.

TAMBAYAR DA TA RAGE MANA

Mutanenmu sun ɗauka duk ruwan da ya fito daga burtsatse lafiyayye ne, tunda garau yake. A nan ne ya kamata mu da muka je makaranta mu yi magana. Ruwa ya daɗe yana kwance jikin dutse, kuma mun ga halinsa na narkarwa. A Bangladash an haƙa miliyoyin burtsatse daga shekarun 1970 don guje wa kwalara, sai a 1993 aka tabbatar da yawa daga cikinsu suna da gubar arsenik daga ƙasa, bayan miliyoyin mutane sun daɗe suna sha. A nan Nijeriya, a wurare kamar Langtang da Kaltungo, an san sinadarin fuloraid yana yawa a ruwan ƙasa har ya rina haƙoran yara. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa ita ce miligiram 1.5 a lita.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne naitiret, mai fitowa daga takin zamani da kashin dabbobi da masai. Yana narkewa nan da nan ya bi ruwa zuwa ƙasa. Ba shi da launi, ba shi da wari. In ya wuce miligiram 50 a lita yana iya hana jinin jariri ɗaukar oksijin, abin da wani likita a Amurka, Hunter Comly, ya bayyana a 1945. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire naitiret ko fuloraid, ƙara kaurinsu ma take yi domin ruwa ne ke tashi ya bar su. Ga shi garuruwanmu sun cika, filaye sun ƙanƙance, za ka ga rijiya da masai a gida ɗaya, bango ne kawai tsakani, alhali ma'aikatan lafiya suna son a bar tazarar mita 30. A dutse mai tsaga irin namu, ƙazanta tana iya bin tsaga ta yi nisa ba tare da ƙasa ta tace ta ba. Ko rijiya tana da waɗannan abubuwa ko ba ta da su, awo ne kaɗai ke nunawa. Nijeriya tana da ƙa'idar ingancin ruwan sha tun 2007, amma ƙa'ida ba ta zuwa bakin rijiya da ƙafarta.

KIRA GA ƘUNGIYA

Allah Ya hore mana abin da kakanninmu ba su samu ba. A Kankiya akwai makarantar koyon aikin lafiya mai yaye duba-gari. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, duk suna da ɗakunan awo. A cikin wannan ƙungiya tamu akwai likitoci da injiniyoyi da malaman kimiyya. Saboda haka ina ba da shawara guda uku, don a tattauna a taronmu na shekara.

Ta farko, ƙungiya ta ɗauki nauyin auna ruwan da ɗaliban makarantarmu ke sha sau biyu a shekara, a ƙarshen rani da tsakiyar damina, a manna sakamakon a allon sanarwa, a kuma buga shi a wannan mujalla. Ta biyu, mu sayi kayan awo masu sauƙi mu ba ɗakin gwaje-gwaje, domin ƙannenmu su koyi kimiyya da ruwan unguwarsu, su je gida su faɗa wa iyaye abin da suka gani. Ta uku, duk wanda Allah Ya ba ikon haƙa burtsatse sadaka, ya ware wani abu daga kuɗin don awo kafin a buɗe, da kuma gyara bayan an buɗe, domin famfon da ya lalace yana mai da mutane tafki ne.

An ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ilmin da muka samu a wannan makaranta shi ne ruwan cikinmu. Magabata sun duba ruwa da ido da harshe da hanci, sun yi iyakar abin da zamaninsu ya ba su. Zamaninmu ya ba mu fiye da haka, za a kuma tambaye mu abin da muka yi da shi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa mu dace, amin.